Bara'atu da Ƙafata ta Hagu

Sau uku na roƙi Bara'atu ta yi mini allura a cikin shekara ashirin da biyu, sau ɗaya tak ta yi. A na farko ta ce ita ba ta kai ba. A na ƙarshe ta ce allurar ce ba ta kai ba, kuma ranar ƙafata ta hagu ce ke shirin barina, ni kuwa ina zaune bisa benci ina taunar goro ina yi wa mutane tsiya, ban san abin da ake ciki ba.

Ni ce Uwani mai waina. Duk direban da ya yi lodi a tashar Gusau kafin gemunsa ya yi fari ya ci wainata, ya kuma sha bakina, don ba na sayar da ɗaya ban ɗora ɗayan a kai ba. Bara'atu ɗiyar maƙwabciyata ce a Tudun Wada, katanga ɗaya ta raba mu, rabin katangar ma zana ce. A gabana aka yanke mata cibi. Ta tashi doguwa, shiru-shiru, da manyan hannuwa irin na masu sussuka, kuma in ka aike ta sai ta tsaya ta maimaita maka saƙon kafin ta ɗaga ƙafa. Ta gama firamare, ta taɓa sakandare, sai ta ga Dogo direban bas ɗin Tsafe ta ce shi take so. Na ce to madalla, 'ya'yanku ba sa buƙatar tsani.

Shekara biyu da ba mu jiha aka ɗebi masu hidima a wani asibiti cikin Gusau. Ba a nemi abu mai yawa ba: takardar firamare, lafiyar jiki, da mutum biyu da za su tsaya maka. Bara'atu ta samu, aka ba ta koriyar riga. Aikinta shara da goge ƙasa, canza zanen gado, yi wa marar lafiya wanka, juya wanda ba ya iya juyawa, tura keken marasa lafiya, kai kwalbar fitsari ɗakin gwaji. Sai kuma fo, wato tasar da ake tura wa wanda ba ya iya tashi zuwa bayi, a jira ya gama, a ɗauke, a wanke, a dawo da ita. Tun ranar da na ji wannan na raɗa mata suna Hajiya Mai Fo. In ta biyo ta tasha da safe sai in ɗaga murya yadda har masu faci za su ji: "Hajiya Mai Fo, a wanke hannu kafin a taɓa mini waina!" Sai ta yi murmushi ta ce, "Ina kwana, Inna," ta wuce.

A unguwa irin tamu, da ka sa rigar asibiti ka zama likita, ko da tsintsiya kake riƙewa a can. Na san masu koriyar riga da suka mai da zaurensu wurin allura, mata na layi da yamma. Saboda haka da zazzaɓi ya kwantar da ni, shekararta huɗu da fara aiki, na aika kemis aka sayo mini ruwan allura da sirinji, na ƙwala mata kira ta kan zana.

Ta zo ta dubi abin da ke kan tabarma, ta dube ni.

"Inna, ban iya ba."

"Ƙarya kike. Shekara huɗu kina kallo ana yi. Ko akuya aka ɗaure a asibiti shekara huɗu ai ta iya allura."

"Na ga ana yi, Inna, amma ba a koya mini ba, ba a kuma ba ni izni ba. Aikina ya tsaya ga wanka da juyi da shimfiɗa."

"To mi kika iya, ɗiyar nan?"

Ta ɗebo ruwa a randa, ta jiƙa tsumma ta goge ni tun daga goshi har tafin ƙafa, har tsakanin yatsu, ta kira Dogo suka sa ni a bas suka kai ni inda ake da iznin. Na warke, na kuma yi mako guda cur ban amsa gaisuwarta ba.

Bayan haka da ɗan lokaci na je dubiya ɗakin mata a asibitinsu, na ga abin da ya rufe mini baki na rabin yini, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wata tsohuwa daga Wonaka da ɓarin jikinta ya shanye, mako tara tana kwance. Kowa ya san mai irin wannan kwanciya bayansa ke fashewa ya zama gyambo. Ita kuwa bayanta sumul, kamar na jaririn da aka shafe da man gyaɗa. Duk awa biyu Bara'atu za ta zo, ta gaya mata abin da za ta yi ko da ba ta iya amsawa, ta cusa manyan hannuwan nan ta juya ta, ta miƙe zanen gado kada ya naɗe, ta duba ƙugu, ta duba dunduniya, ta sunkuya ta shinshina. In ta ga wuri ya canza launi ba ta shafa kome, sai ta je ta kira nas. Na tambaye ta shinshinar ta mece ce, ko tuwo take dafawa. Ta ce, "Likita fuska yake gani da takarda, Inna. Ni ce ke ganin baya da tafin ƙafa. In ban faɗa ba, ba mai sani sai ya ɓaci."

Shekara goma sha ɗaya ta yi a koriyar riga. Don ta hau mataki na gaba sai da sakamakon sakandare mai kyau, da Turanci da lissafi da kimiyya a ciki. Da littattafan 'ya'yanta ta yi karatun, a bakin murhu. Lissafi ya kayar da ita sau biyu, ni kuma duk faɗuwa sai na aika mata waina in ce ta ƙirga ta gani ko ta iya. A karo na uku ta ci, ta samu shiga makarantar koyon aikin lafiya a Tsafe tana da shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya huɗu. Dogo ya ware mata kujerar gaba, duk fasinjan da ya nufi wurin sai ya ce, "Malam, koma baya, nan na ɗaliba ne." 'Yan ajinsu Mama suke ce mata. Ta ba ni labari ranar da aka zo koyon canza zanen gado da marar lafiya a kai, malamar ta ce wa zai gwada, ta fito ta gama kafin malamar ta gama bayani. Amma rubuta sunayen ƙasusuwa da Turanci ya sa ta kuka ba sau ɗaya ba.

Bayan shekara biyu ta fito da takarda da lasisi da farar riga, ƙaramar ma'aikaciyar lafiya. Yanzu an yarda ta auna yara, ta yi rigakafi, ta wanke miki ta ɗaure, ta bi gida-gida tana yi wa mata bayani, ta ba da maganin ƙananan cututtuka yadda littafin ƙa'idarsu ya tsara, kuma akwai babba a kanta mai duba aikin. A lokacin ne murfin gwangwani ya yanke ni a hannu, na je aka yanka mini kati, aka rubuta allurar hana sandarewa. Wa zan gani da sirinji? Bara'atu. Na ce to yau dai ki taimaka ki yi mini. Na gyara zama, na rintse ido, na fara salati. Ta ce, "An gama, Inna." Cizon sauro ya fi shi zafi. Na ce, "Wannan abin na jira shekara goma? Mayar mini da fushina."

Ba ta zauna nan ba. Da ta yi shekara biyar ta sake komawa Tsafe, furfura ta fara leƙowa a gefen ɗankwali, ta ƙaro shekara biyu ta fito babbar ma'aikaciya. Daga baya aka ba ta riƙon wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye gaba da Nahuce, cikin ƙasar Bungudu, mutane na ce mata Incaji. Ikon Allah, ƙauyen ne ɗana Yusha'u ke noma, inda na koma da zama da gwiwoyina suka ƙi tasha. Na tarar da Hajiya Mai Fo da ofis da kujera da mutum huɗu a ƙarƙashinta. Ita ke awon ciki, ita ke karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba, ita ke kula da magani da rahoton wata, ita ke rubuta takardar tura wanda ya fi ƙarfinsu zuwa babban asibiti. Kujerar kuwa ban taɓa ganin ta ɗumama ta ba.

Bara waccan, bayan an yanke gero, na shiga gonar bayan gida na taka kututturen kara. Ban ji kome ba, sai jini na gani a silifa. Dama an daɗe ƙafafuna kamar na sa safa biyu, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa, duk na ɗora wa tsufa. Matar Yusha'u ta haihu a makon, ga suna ya taho, ni kuma ba za a yi taro a gidana a gan ni da ƙafa fari fat ba. Na kwaɓa lalle na zuba masa gishirinsa don ya yi baƙi, na ƙunsa har idon sawu, na cusa da yawa a tsakanin ƙananan yatsun inda karan ya shiga. Haka iyayenmu ke yi, sun ce lalle na sanyaya ƙafa ya busar da ciwo. Da na ga wurin na ɗan ruwa sai na ƙara wani a kai. Ƙunshi ya yi kyau, har 'yan suna na tambaya wa ya yi mini.

Kwana shida bayan suna zazzaɓi ya rufe ni. Ranar Talata da hantsi na ɗingisa zuwa asibiti, niyyata ɗaya, a yi mini allura in koma. Malam Lukuman na tarar, mai bi wa Bara'atu a matsayi, mutum mai haƙuri da ya sha bakina har ya saba. Ya ɗebi jini a yatsa ya gwada na cizon sauro, babu.

"Inna, akwai wani ciwo a jiki? Ƙurji ko yanka?"

"Ina ka ga ciwo? Kai dai rubuta allura, ba hira na zo ba."

Ya leƙa ƙafafuna ya ce, "An sha ƙunshi, Inna." Sannan ya ce tunda gwaji bai nuna kome ba, ba zai rubuta ba, in jira Incaji. Na fita na zauna bisa benci cikin masu jego, na sa goro a baki, na shiga gaya musu yadda ma'aikatan yanzu ba su san aiki ba.

Bara'atu ta fito daga ɗakin awo tana goge hannu. Ta fara gaishe ni, sai ta tsaya a tsakiyar gaisuwar. Ba fuskata take kallo ba, ƙasa take kallo. Na bi idonta. Ƙafa biyu, lalle iri ɗaya, baƙi iri ɗaya. Amma ƙudaje sun taru a ta hagu, sun fi goma, ta dama kuwa ko ɗaya bai sauka ba.

"Binta, kawo baho da ruwan ɗumi da sabulu."

Binta ita ce mai koriyar riga a wurin, mace mai jikoki. Ta kawo, ta naɗe hannun riga za ta durƙusa, Bara'atu ta ce, "Bari, ni zan yi." Ta sa safar hannu, ta durƙusa a kan siminti da farar rigarta, a gaban masu jego da mazan da suka kawo su. Incaji guda, ta ɗauki ƙafata ta sa a baho.

Na ce, "Ke, ƙunshin suna za ki ɓata mini? Kin san wahalar da na sha?"

Ta bi yatsun ɗaya-ɗaya yadda ta yi mini ranar zazzaɓin Tudun Wada, tana ɓamɓare busasshen lallen da na cusa. Da ta kai tsakanin na ƙarshe da mai bi masa, abin ya buɗe. Warin da ya taso, matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe hancin ɗanta. Bara'atu kuwa sai ta ƙara sunkuyawa.

"Inna, rufe idonki. Wane yatsa na taɓa?"

"To ki taɓa mana in faɗa."

Na buɗe ido na ga ta matse ƙaramin yatsan da ƙarfinta, har farcenta ya lotsa safar. Ban ji kome ba. Ta ce baƙin sauran yatsun na lalle ne, na wannan ba na lalle ba ne, kuma ya yi sanyi kamar dutsen rafi. Ta ɗora bayan hannunta sama da idon sawu, inda ƙunshi ya ƙare, wurin ya kumbura yana sheƙi, da zafi kamar gefen tanda. Ta sa Lukuman ya sake huda mini yatsa ya gwada suga. Da lambar ta fito a 'yar na'urar, sai na ji ya ce, "Innalillahi," a hankali.

Ta wanke wurin ta rufe da bandeji mai tsabta, ta miƙe ta ce, "Gusau za ki, Inna. Yau."

Duk wanda na sani da aka kai Gusau da ƙafa irin wagga, da sanda ya dawo, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Na ce ba inda za ni.

"Ba ke ce babba a nan ba? Shekara nawa kina zarya Tsafe kina cinye wa Dogo kujerar gaba? Yanzu kin iya allurar, ga izni, ga ofis. Yi mini a nan, ko guda goma ce."

"Babba ce a nan, Inna, amma wanga ya wuce ni, ya wuce littafina. Yana son likitan tiyata, da ƙarin ruwa, da mai saukar da suga yana dubawa awa-awa. Ba ni da ko ɗaya. In na riƙe ki kwana uku ina miki allura don ki ji daɗina, ba yatsa za a cire ba, daga gwiwa za a cire."

Aka kira Yusha'u daga gona, ya zo da lauje a kafaɗa. Ɗana ne, tsorona yake ji fiye da ciwo. Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, Inna ta ce ko a bari sai jibi, a gwada na wanzami tukuna." Bara'atu ta ɗaga bandejin ta ce ya matso ya duba da idonsa. Ya duba, ya koma ya jingina da bango. Ta ɗauki waya ta kira Dogo ta ce ya sauke lodi ya taho, don hanyarmu a shekarun nan ba a son la'asar ta yi wa mutum a kanta. Sannan ta zauna, ranar na fara ganin ta a kujerar nan, ta rubuta takarda shafi guda cike.

Ni kuwa ban fasa ba. Na ce mata mai fo, na ce mata marar kunya, na ce a gabana aka yanke mata cibi. Na rantse in ta tura ni ba ni ba ita har abada. Ta ninke takardar ta sa a ambulan, ta zo ta tsuguna daidai fuskata.

"Inna, kin tuna da na hana ki allura kika yi mako ba ki amsa gaisuwata ba? Wannan karon ki yi shekara. Amma da ƙafa biyu za ki riƙa wuce ni kina ɗauke kai."

Da bas ɗin ta iso, ita da Binta suka ɗaga ni, Dogo ya buɗe gaba ya ce, "Yau kujerar ɗaliba taki ce, Inna."

Likitan Gusau yaro ne da bai fi in goya shi ba. Ya karanta takardar har ƙasa, ya buɗe ƙafar, ya sake komawa kan takardar, ya tambayi Yusha'u wa ya rubuta. Ya ce duk abin da zai tambaya an riga an amsa masa. Washegari da safe aka cire ƙaramin yatsan. Da na farfaɗo abin da na fara yi shi ne laluba gwiwata, na bi ta har ƙasa, na tarar da dunduniya a wurinta. Likitan ya ce da mun ƙara kwana biyu ko uku, da ba wannan maganar ake ba.

Mako biyar na yi a kwance, an hana ni taka ƙasa. Ranar Asabar ta farko da hantsi sai ga Bara'atu da atamfa da mayafi, ranar hutunta, ta kawo mini kunun gyaɗa marar suga, abin da ko maƙiyi ba a ba shi. Ban amsa gaisuwarta ba, ina kan rantsuwata. To amma ciki bai san rantsuwa ba. Na matsu, mai hidimar ɗakin tana can ƙarshe tana fama da wata, ni kuma kunya ta hana ni kira. Na dinga mutsu-mutsu. Bara'atu ta dube ni sau ɗaya, ta aje mayafi, ta ja labule, ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo fo. Ta cusa hannun nan ta ɗaga ni kamar ba nauyi, ta juya baya har na gama, ta gyara ni, ta miƙe zanen gadon kada ya naɗe, ta duba bayana da dunduniyata, ta ɗauka ta fita.

Na juya fuskata bango. Na ga manyan mutane a tasha, masu jiniya da masu rawani, ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban kowa ba sai ranar. Da ta dawo tana goge hannu na ce, "Hajiya Mai Fo." Ta ce, "Na'am, Inna. Shekarar ta cika ke nan?"

Yanzu allura kullum nake sha, safe da yamma, ta suga, ni da na yi shekara ashirin ina roƙon guda. Ruwan allurar na cikin wani ɗan tulu da muka binne a jiƙaƙƙen yashi a ɗakina don kada zafi ya lalata shi. Bara'atu ce ta koya mini yi da kaina. Kwana uku tana sa ni ina huda lemo kafin ta yarda in taɓa fatata. Ranar da na yi daidai na ce to shi ke nan, gobe zan share zaure in fara karɓar mata. Ta ce, "Izninki ya tsaya a cinyarki, Inna."

Ta hana ni ƙunshi a ƙafa har abada, sai dai a hannu. Duk Alhamis nake tafiya asibitin a duba ni, daga gidan Yusha'u har can ba sanda, ba mai riƙe ni, da ƙafafu fari fat kamar na kazar da aka fige, da yatsu tara. In na isa ba ta fara gaishe ni. Sai ta nuna mini benci, ta durƙusa, ta cire mini takalmi ta duba tsakanin yatsun ɗaya-ɗaya, sannan ta ɗago ta ce, "Ina kwana, Inna."